Yadda Larai Mai Fura Ta Sake Magana a New York

Tun da na dawo ban huta ba. Matan ajinmu na Islamiyya, maƙwabta, har mai kawo mini kayan miya, tambayar kowa ɗaya: "Hajiya Talatu, wai me ya kai ki Amurka, kuma yaya garin yake?" Na faɗa na sake faɗa har maƙogwarona ya bushe, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa. Jiya wata ta zo yi mini jaje, wai ta ji an tsare ni kwana uku a filin jirgi. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sarara.

Bari in fara da abin da yawancinku ba ku sani ba. Kafin ku san ni malamar firamare, ina 'yar shekara ashirin da biyu na fito a wani fim na leƙen asiri mai suna Jakar Maigatari. Marigayi Malam Sabo ne ya rubuta shi ya shirya shi. Kyamara ɗaya ce tak, ta wani mai ɗaukar biki, sai ranar da babu biki muke samunta. Bindigar da ta tsorata mutane a ciki katako ce, kafinta ya sassaƙa aka shafe ta da man goge takalmi. Na'urar aika saƙon sirri kuwa murfin keken ɗinki ne aka maƙala masa eriyar rediyo. Ni ce Larai, 'yar leƙen asirin da ta ɓad da kama ta koma mai tallan fura, tana ɓoye saƙo a ƙarƙashin faifai, tana bin sawun Alhaji Tanko, maci amanar da ke fitar da sirrin ƙasa ta bakin iyaka. Wata huɗu muka yi muna ɗauka. Daga nan na yi aure, na kama alli, na manta da zancen.

Shekara talatin da 'yan kai bayan haka, wata yarinya ta kira ni. Ta ce sunanta Nafisa, Bakatsiniya ce, tana karatun digirin digirgir a wata jami'a a New York, a sashen da ke adana tsofaffin fina-finai. Ta ce ta yi shekara biyu tana neman kaset ɗin fim ɗinmu, sai a wani shago a Kumasi aka samo guda ɗaya, sun gyara shi, za a haska.

"Mama, Malam Sabo ya rasu, wanda ya fito a Alhaji Tanko ya rasu, mai kyamarar ma haka. Ke kaɗai kika rage. Don Allah ki zo."

Na ce, "'Yar nan, wa zai bar aikinsa a Amurka ya zo kallon mai fura?"

Ta yi dariya ta ce, "Ki zo dai ki gani."

Zancen biza ba zan ja shi ba. Na je Abuja, na bi layi tun hantsi, Baturen ofishin jakadancin ya yi mini tambaya uku ta bayan gilashi, ya karanta takardar gayyata, ya riƙe fasfona. Na zaci ƙwacewa ya yi, sai wanda ke bayana ya ce, "Hajiya, an ba ki ke nan, ki matsa."

Daga Kano muka sauka Alƙahira, muka canza jirgi. Wannan na biyun shi ne aiki. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Abin da ya fi ɗaure mini kai, rana ta ƙi faɗuwa. Agogon hannuna ya ce magariba ta wuce, ta taga kuwa rana tsaka. Wata Balarabiya da ke kusa da ni ta ga ina ta leƙe ina duba agogo, ta kama hannuna ta nuna mini da yatsu cewa la'asar ma ba ta yi ba.

A filin jirgin JFK ne abin da ake ta yayatawa ya faru, kuma laifina ne. Jami'in da ke duba fasfo ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Turanci ina ji, shekara talatin na koyar da shi, amma nasu kamar da ruwa a baki suke yi. Na rikice, na so in ce ni ce na fito a 'yar leƙen asiri a fim ɗin da za a haska, sai bakina ya yanke ya ce, "Ni ce 'yar leƙen asirin."

Ya ɗago kai a hankali. Ya ce in sake faɗa. Ni kuwa na sake faɗa, da ƙarfi ma, don na zaci bai ji ba.

Aka kai ni wani ɗaki mai kujerun roba. Wata jami'a baƙar fata ta karɓi takardar gayyata, ta buga a kwamfuta, sai ga hotona ina ɗauke da ƙwaryar fura, hannu ɗaya a kan bindigar katako. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ta kira abokin aikinta shi ma ya kalla. Ta ce, "Wannan ke ce?" Na ce ni ce, lokacin ina da wuya. Ta yi dariya har da dafa tebur, ta buga hatimi. Minti arba'in ne duka, ba kwana uku ba. Asarar da na yi ta gaske ita ce kilishin da na ƙunso wa Nafisa, don ba a shiga da nama ƙasar. Ina kallo aka jefa shi a kwandon shara. Yaji da kuka dai sun tsira.

A waje Nafisa na jira, siririya mai tabarau, da wani dattijo mai furfura a gemu sanye da rigar sanyi a kan kaftani. Ya tsaya ya zuba mini ido, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Larai ta! Wallahi ita ta!" Alhaji Illiyasu ke nan, mutumin Maraɗi, yana da teburin sayar da turare da huluna a titi na 125 a Harlem. Shi ya roƙi Nafisa ta bar shi ya ɗauko ni da motarsa.

An sauke ni a unguwar Morris Heights da ke Bronx, gidan Hajiya Ramatu, 'yar zangon Kumasi, unguwar Hausawa a Ghana, mai aikin kula da tsofaffi. Hawa na biyar take, lif ɗin kuma ya lalace ranar. Na iso ina haki, ta buɗe ƙofa ta rungume ni ta ce, "Ei, Hajiya! Ka zo lafiya? Ka shiga, ka zauna!" Na waiwaya in ga wane namiji ne ya biyo ni. Ashe Hausarsu ke nan, mace da namiji duk "ka" ne. Kwana biyu na saba, har ni ma na fara ce mata "ka ci abinci?"

Ta ciyar da ni shinkafa da wake irin nasu, ja-ja-ja, da taliya da dafaffen ƙwai a kai, da wani baƙin yaji mai mai da suke kira shito. Cokali na farko na yi hawaye, na biyu na nemi ƙari. Washegari na so in saka mata da alheri, na kunna turaren wuta a falo. Ko minti biyu ba a yi ba wani abu a silin ya fara ihu kamar ana yanka shi. Ramatu ta fito da gudu daga wanka, ta hau kujera tana yi masa fifita da sallaya. Ashe hayaƙi yake ji. Maƙwabta suka leƙo, da suka ga babu gobara kowa ya ja ƙofarsa, babu mai cewa sannu.

Wannan rashin gaisuwar ne ya fi damuna. Da aka gyara lif, na shiga na tarar da mutum huɗu, na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya kalli takalminsa. Amma a garin nan na ga kare sanye da riga da takalmi, uwar ɗakinsa na bin sa da leda tana kwashe masa kashi. Jikokin Ramatu kuwa, ka yi musu Hausa sun ji sarai, amsa ce sai da Turanci. Sai dai in faɗi gaskiya, ranar da na ɓata a tashar jirgin ƙasa mai lamba huɗu, wani matashi mai zane a wuya, wanda a Kano da na tsallaka titi in na gan shi, shi ya raka ni har bakin ƙofar da nake nema.

Ranar Alhamis Nafisa ta kai ni jami'arsu, wani ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin ƙasa, ta kunna mini fim ɗin. Ban taɓa ganinsa tangaram haka ba. Ga kasuwar Maigatari, ga raƙuma, ga ni da ƙwarya. Ga Malam Sabo kansa ya gifta a bayanmu da carbi, don ranar mun rasa mai wucewa. Na yi kuka na yi dariya. Aka zo fitowar ƙarshe, inda Larai ta tare Alhaji Tanko a kan gadar jirgin ƙasa. Sai sauti ya ɗauke. Bakinmu na motsi, babu abin da ke fita.

Na ce, "Nafisa, ƙaro murya."

Ta sunkuyar da kai. "Mama, babu. Danshi ya cinye wajen a kaset ɗin. Minti bakwai na ƙarshe hoto ne kawai. Na ɓoye miki ne don kada ki ƙi zuwa."

Ta ce ranar Lahadi shugabar wata babbar ma'ajiyar fina-finai za ta zo, ita za ta yanke ko za su karɓi fim ɗin su adana shi har abada, kuma ba su cika karɓar abin da bai cika ba. In sun ƙi, zai zauna a kwamfutar Nafisa, ta gama karatu shi ke nan. Takardar labarin kuwa ta ɓata tun Malam Sabo na da rai.

Na rufe ido na laluba. Nawa maganganun suna nan, kamar jiya na haddace su. Amma na Alhaji Tanko babu ko ɗaya, don marigayin ba ya bin takarda, abin da ya zo bakinsa yake faɗa.

Da muka fito na ce a kai ni wajen Alhaji Illiyasu in sayi turare, don raina ya ɓaci. Titi na 125 kamar Kantin Kwari ne aka ba shi faɗi: 'yan Senegal, 'yan Mali, 'yan Nijar, kowa da teburinsa. Alhaji ya ba ni kujera, ya ga fuskata, ya ce, "Hajiya, mi ya faru?" Na gaya masa.

Ya ajiye kwalbar da ke hannunsa, ya gyara tsayuwa, ya karkata hula. Sai wata murya ta fito daga bakinsa, mai kauri, mai raini:

"Ke mai fura, wa ya aiko ki? Koma ki dama furarki tun ina dariya."

Muryar marigayin ce, har da jan hancin da yake yi. Ban san lokacin da na miƙe ba, na ce, "Furar ta ƙare, Alhaji. Saura lissafinka da ƙasar da ka sayar."

Nafisa ta dafe baki. Ashe Alhaji Illiyasu gidan kallo yake da shi a Maraɗi yana saurayi. Ya ce da ɗan Faransancinsu na Nijar, "Bon, Hajiya, shekara guda cur kullum sau biyu nike sa kaset ɗin ga. In na sa wani, mutane su tashi su tafi. Har tarin da Tanko ke yi na san wurinshi."

Nan take muka ci gaba, a bakin titi. Mun kai inda Tanko ke ɗaga hannu yana cewa zai jefa ni ƙarƙashin gada, sai wata dattijuwa Ba'amurkiya ta shiga tsakaninmu, ta ɗaga lema a kan Alhaji tana surfa masa masifa, ta tura ni bayanta. Da ƙyar Nafisa ta fahimtar da ita wasa ne. Ta sauke lemar, ta ce to mun iya, kuma a ba ta adireshi za ta zo ta ga ƙarshensa.

Juma'a da Asabar a falon Ramatu muka yi su. Nafisa na kunna hoton a kwamfuta, mu muna daidaita magana da motsin baki. Ni ce matsalar. Yarinyar da ke cikin hoton numfashinta dogo ne, ni kuwa sai in kai tsakiyar jimla iska ta ƙare. Ramatu na kicin tana jiyo mu, duk inda na makara sai ta ƙwalo, "Hajiya, ka yi sauri, yarinyar ya wuce ka!"

Lahadi bayan azahar muka isa zauren. Na zaci mutum talatin zan gani. Kujeru sun cika, wasu na tsaye a jikin bango. Direbobin tasi sun ajiye motoci, ma'aikatan asibiti sun zo da kayan aikinsu, mata da leshi da atamfa a ƙarƙashin manyan rigunan sanyi. Turawa na gaba da littattafan rubutu. Dattijuwa mai lema ma na layi na uku.

Aka kashe fitilu. Bature in yana kallon fim shiru yake yi kamar a maƙabarta. Namu kuwa, da Larai ta bayyana zaure ya ɗauki sowa. "Bayanki, Larai!" "Kar ki sha, da guba!" Turawan suka fara waiwaye, can na ga wani farfesa mai sanƙo shi ma yana buga cinya.

Da aka kusa gadar, Nafisa ta ja mu gefen allo, ta ba kowa makirfo. Sauti ya ɗauke. Alhaji Illiyasu ya jefo tasa daidai: "Ke mai fura, wa ya aiko ki? Koma ki dama furarki tun ina dariya."

Larai ta buɗe baki a allo. Ni ma na buɗe nawa. Babu abin da ya fito. Na ga duhu cike da idanu. Yarinyar ta gama maganarta a banza, ta rufe baki. Zauren ya yi tsit. A zuciyata na ce shi ke nan, na zo tun daga Kano na kashe aikin Malam Sabo da bakina.

Sai wata murya daga can baya, ta wani da ban sani ba: "Furar ta ƙare, Alhaji!"

Kafin ya rufe baki rabin zauren ya karɓa, maza da mata, da Hausar Kano da ta Damagaram da ta Kumasi: "Saura lissafinka da ƙasar da ka sayar!"

Ashe ba Alhaji Illiyasu kaɗai ba ne. Mutanen nan sun taso da maganar a bakinsu, sun tsallako teku da ita. Na ce a makirfo, "Nafisa, mayar baya."

Ta mayar. Wannan karon na shiga daidai. Ban nemi muryar yarinta ba, da tawa ta yanzu na yi, mai kaushin alli. Alhaji ya yi tari inda Tanko ke tari. Na ce, "Ajiye jakar." Ya ce, "In na ƙi fa?" Na ce, "Jirgi na tafe, kuma ni ba na sauri." Numfashina bai yanke ko sau ɗaya ba. Da Tanko ya saki jakar ya durƙusa a allo, zauren ya tashi tsaye gaba ɗaya. Ramatu ta rangaɗa guɗa har wani Bature ya zabura. Alhaji na gefena yana share ido da hularsa.

Shugabar ma'ajiyar, wata farar tsohuwa mai gajeren gashi, ta zo ta riƙe hannuna da hannu biyu. Ta ce ta daɗe tana wannan aiki, ba ta taɓa ganin fim ɗin da masu kallo suka adana a ka ba. Ta ce sun karɓa, kuma sautin da aka naɗa yau shi za a sa a minti bakwai ɗin, har da muryoyin zauren.

Nafisa ta zo da takarda ta ce, "Mama, a jerin sunaye an rubuta Asabe Kano. Haka za a bari?"

Sunan aro ne. Na sa shi lokacin don tsoron kada mahaifina ya ji. Na karɓi biro na soke shi, na rubuta nawa na yanka, da na mahaifina a gefensa, da manyan baƙaƙe.

Sauran kwanakin ziyara ce da ciye-ciye. Matan Nijar suka yi mini dambun zogale, wani likita ɗan Zariya ya kai ni na hau jirgin ruwa, iska ta kusa tafiya da mayafina. Ranar tafiya akwatina ya ƙi rufuwa saboda tsaraba, sai da Ramatu ta zauna a kai.

Kwana biyu da saukata Kano na nemi gidan Malam Sabo a Fagge. Matarsa Hajiya Uwani na nan, ta tsufa, ido ya yi rauni. Muka gaisa, na gaya mata daga inda nake. Ta ce, "Wannan fim! Ni ban taɓa kallonsa ba. Babur ɗinsa ya sayar a kansa, muka yi wata ba ma magana. Na ɗauka shiririta ce kawai irin tasa."

Na fito da wayata na kunna mata bidiyon da Nafisa ta ɗauka. Ta matso da ita dab da fuskarta. Ta kalli gadar, ta kalle ni da makirfo. Can ƙarshe sunan mijinta ya hau allo shi kaɗai, mutane na tsaye suna tafi, wani na ɗaga murya yana cewa Allah Ya jiƙan Malam Sabo, zaure na amsawa da amin.

Ta sauke wayar daga fuskarta. Sannan ta ce, "Duk waɗannan sun san shi?"

Na ce, "Sun san shi, Yaya."

Ta goge fuskar wayar da bakin mayafinta ta miƙo mini. "Mayar mini wajen da suka tashi tsaye."

Na mayar. Ta sake cewa in mayar. Muna nan zaune a tabarma har cajin wayar ya ƙare.